Hutun Iyali a Jirgin Ruwa: Shawarwari 14 Kafin a Kwashi Yara Zuwa Teku

Manyan jiragen ruwa na shaƙatawa sun wuce yadda mai jin labari yake zato. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miyami ta Amurka a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai kimanin mita 365, hawansa 20, kuma in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. Gari ne sukutum a kan ruwa, da gidajen abinci, da wuraren ninƙaya, da filin ƙwallo, da ɗakin shan magani. Abin da ke jan hankalin masu iyali shi ne a biya kuɗi a dunƙule a samu makwanci da abinci da wurin wasan yara, a kwanta a wata ƙasa a wayi gari a wata, ba tare da an yi ta ɗaurin kaya da kwancewa ba.

Sai dai da zarar jirgi ya bar gaɓa, abin da aka manta ya mantu, abin da ba a shirya ba kuma ba ya shiryuwa a tsakiyar teku. Shi ya sa rabin shawarwarin nan aiki ne na tun ana gida.

1. Ku duba biza kafin ku duba jirgi

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru yana buƙatar biza a mafi yawan ƙasashen da waɗannan jiragen ke yada zango. Neman bizar a wuyanku yake, kuma in kun zo bakin jirgi takarda ɗaya ba ta cika ba, za a hana ku shiga, kuɗin tikiti kuwa ba ya dawowa. Ko da kun ce ba za ku sauka a wata tasha ba, sau da yawa sai an nemi bizar ƙasar.

Idan Bahar Rum kuka nufa, bizar Shengen guda ta wadatar a Sifaniya da Faransa da Italiya da Malta da Girka. Amma in hanyar ta ratsa Turkiyya ko Tunisiya sannan ta komo Turai, dole bizar ta zama wadda ake shiga da ita fiye da sau ɗaya, ban da izinin ita waccan ƙasar. Tun watan Yunin 2024 kuɗin neman Shengen yuro 90 ne ga duk wanda ya kai shekara 12, yuro 45 ga mai shekara 6 zuwa 11, kyauta ga wanda bai kai 6 ba. Ana iya nema tun tafiya tana saura wata shida. Fasfon kowa, har na jariri, ya zama yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa.

2. Ku haɗa takardun kowane yaro daban

A gidajenmu ba baƙon abu ba ne a yi tafiya da ɗan riƙo, ko 'yar ƙanwa, ko uwa ta tafi da yara uba yana bakin aiki. Jami'in tashar bai san riƙo ba, takarda ya sani. Duk yaron da ba ya tare da iyayensa biyu a nemo masa wasiƙar amincewa mai sa hannunsu da hatimin lauya ko kotu, a haɗa da takardar haihuwa, musamman in sunan mahaifi a fasfonsa ya bambanta da naku.

Ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Masar da Saudiyya suna neman katin allurar shawara daga wanda ya fito yankinmu. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba, a doguwar tafiya ma sai ya cika shekara, haka kuma ba sa ɗaukar mai cikin da zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar.

3. Ku zaɓi hanya gwargwadon hutun makaranta da ƙarfin yara

Dogon hutun Yuli da Agusta ya dace da lokacin Bahar Rum, inda jirage ke tashi daga Basalona da Jenowa da Marsel. Lokacin ne kuma farashi ke tsada, rana ke duka, tashoshi ke cika. Hutun Disamba ya dace da jiragen Tekun Fasha masu zagaya Dubai da Abu Dabi da Doha, da na kamfanin MSC masu tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik. Yankin Karebiyan yana da lokacin guguwa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma a cikinsa kyaftin kan sauya hanya ba shiri. Tun farkon 2024 kamfanoni da dama suka karkatar da jiragensu daga Bahar Maliya saboda hare-hare, don haka duk hanyar da ta shafi wannan yanki ko Tekun Fasha a tabbatar da halin da ake ciki kafin a biya.

Ga masu tafiyar farko, kwana uku zuwa bakwai ya isa. Ku duba jadawali: hanyar da ake sauka gari kowace rana tana gajiyar da ƙanana, wadda kuma ake jera kwanaki a teku takan gundure su in jirgin ba shi da wuraren wasa sosai.

4. Farashin da ke jikin talla ba shi ne lissafi ba

Araha ba ta ado. Kuɗin tikiti ya haɗa ɗaki da abincin babban zaure da wasannin dare da kulab ɗin yara. Abin da ke biyo baya kuwa yana da yawa: harajin tashoshi, lemon kwalba, intanet, yawon cikin gari, hotuna, wanki, da gidajen abinci na musamman. Akwai kuma tukwicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kowace rana. A jiragen Amurka yakan kama tsakanin dala 16 da 20, kuma yara ma ana cajinsu. Iyali mai mutum shida a kwana bakwai sai su ga fiye da dala 600 a takardarsu daga wannan kaɗai. A wasu jiragen Turai ana rage wa yara rabi. Ku sa dillalin tafiya ya rubuta muku jimla da komai a ciki, sannan ku ɗora kuɗin jirgin sama da otal da biza da inshora kafin ku ce kun iya.

5. Zaɓin ɗaki shi ne rabin jin daɗin tafiyar

Ɗakunan iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, da babban ɗaki mai falo. Ɗaki na gama-gari ƙarami ne, kuma mafi yawansu mutum huɗu ne iyakarsu, jariri ma ana ƙirga shi. Iyali mai mutum biyar zuwa sama sai su nemi ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani. Irin waɗannan ba su da yawa, su ne kuma ke fara ƙarewa a lokacin hutu, don haka a kama su da wuri. Wannan tsari yana sauƙaƙa raba makwancin samari da 'yan mata. Kamfanoni ba sa yarda a bar yara su kaɗai a ɗaki mai nisa da na manya. Kowane yana da ƙa'idarsa, a tambaya.

Ɗakin da ke tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa shi ne ya fi ƙarancin girgiza. Ku guji wanda ke ƙarƙashin wurin ninƙaya ko zauren kiɗa in kuna da mai barcin wuri. Mai yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki mai baranda.

6. Maganar abinci a gama ta kafin a biya

Ba kowane jirgi ke da naman halal ba, masu shi ma sai an sanar da su tun ana saura makonni. Ku nemi amsa a rubuce, kuma a daren farko ku je wurin shugaban masu hidimar zauren abinci ku tuna masa. In babu, kifi da ƙwai da shinkafa da taliya da ganyayyaki da 'ya'yan itace suna nan a wadace. Ku koya wa yara su riƙa tambaya ko akwai alade ko giya a cikin miya da kayan zaƙi, domin a nan suka fi ɓuya. Yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko madara ma ta wannan hanya za a sanar.

Kamfanin Aroya na Saudiyya, wanda ya fara aiki daga Jidda a Disamban 2024, an tsara jirginsa ne da abincin halal da wuraren salla, babu giya babu caca. A sauran jiragen kuwa akwai mashaya da gidan caca da shigar bakin ruwa irin ta Turawa. Gara ku faɗa wa yara abin da za su gani tun a gida, ku gaya musu inda iyakarku take.

7. Akwai kayan da ba a shiga da su

Babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara. Dutsen guga, da butar dafa ruwa, da kyandir, da hita, duk za a ƙwace su a wurin bincike. Uwargida ta bar kaskon turaren wuta da gawayinsa a gida, ta ɗauki humra da turaren fesawa. Ƙa'idar jonin wuta mai baki da yawa ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, a duba. Kilishi da dambun nama da man shanu ba sa shiga ƙasashen Tarayyar Turai a jakar matafiyi, jiragen kuma ba sa karɓar dafaffen abincin gida.

Manyan akwatuna ana karɓarsu a bakin tasha, ba sa isowa ɗaki sai bayan sa'o'i. Ku ware jakar hannu mai fasfo da magunguna da famfas da madarar jariri da caja da kaya sauyi ɗaya. Famfas da madara a ɗauki na dukan kwanakin, domin shagon jirgi yana da tsada kuma ba lallai a samu irin naku ba. Bangon ɗakin ƙarfe ne, ƙugiyoyi masu maganaɗisu suna taimakawa wajen rataye mayafai da huluna.

8. Ku isa garin da za a tashi ana gobe tafiya

Jirgin sama kan makara, akwati kan ɓata a hanya, jirgin ruwa kuwa ba ya jiran kowa. Kwana ɗaya a otal ya fi asarar tafiyar baki ɗaya, yara kuma su samu su huta.

9. Kada kowa ya tsallake atisayen ranar farko

A daren 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ceto ba. Bayan wannan ne dokar teku ta duniya ta wajabta yin sa kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa nan take. Za a nuna muku matattarar da za ku je in an buga ƙararrawar gaggawa, wato gajeren busa bakwai da dogo ɗaya, da yadda ake sa rigar ceto. Ku taka da ƙafa tare da yara daga ɗakinku zuwa wurin ta matakala, domin a lokacin gaggawa ba a hawa lifta. Ƙananan yara ana ɗaura musu abin hannu mai lambar matattara. Kada a cire shi har a sauka. In ƙararrawa ta kaɗa yaro yana kulab, ma'aikata ne za su kawo shi matattarar, iyaye su nufi can kai tsaye.

10. Ƙananan yara: kulab, ruwa da baranda

Kulab ɗin yara yakan fara daga shekara 3, da sharaɗin yaro ya daina famfas. A jiragen MSC, alal misali, an raba su kashi-kashi: 3 zuwa 6, 7 zuwa 11, 12 zuwa 14, sai 15 zuwa 17. Ku yi rajista ranar farko, ku shiga ku ga wurin da idonku, ku rubuta sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaron. Ku tambayi harshen da ake magana da shi. Yaron da ya tashi da Faransanci zai fi sakewa a jirgin da ke tashi daga Marsel.

Wurin ninƙaya shi ne inda ake buƙatar ido sosai. Ba kowane jirgi ke da mai gadin ruwa ba, inda akwai ma yara sun fi ƙarfin idonsa. Yaro yana nutsewa shiru, babu ihu babu fantsama. Ku sa babba guda ya zama aikinsa kallo kawai, waya a aljihu, kuma kada a ɗora wa yaya mai shekara goma tsaron ƙanne a bakin ruwa. Mai famfas ba a barinsa ya shiga babban ruwa, sai wurin da aka keɓe in jirgin yana da shi. A baranda, a janye kujera da tebur daga jikin shinge, a kulle ƙofa da makullin sama duk lokacin da babu babba.

11. Samari da 'yan mata: a saki igiya, a riƙe bakinta

Matashi ba zai yarda ya wuni a gindin iyaye ba, tilasta masa kuma ɓata hutun kowa ne. Abin da ya fi shi ne a zauna tun a gida a yi yarjejeniya. Ba a shiga ɗakin kowa, ba a kuma kawo kowa ɗakinmu. Ba a karɓar abin sha daga hannun baƙo, wanda aka ajiye aka juya baya kuma an bar shi ke nan. Ba a faɗa wa kowa lambar ɗaki. Ba a hawa shinge ko zama a kansa don ɗaukar hoto. Kamfanoni suna sauke iyali baki ɗaya a tasha ta gaba saboda irin wannan. Ba a yawo a kaɗaice da dare, sai tare da ɗan'uwa.

Wasu kamfanoni sun sa ƙarfe 1 na dare a matsayin lokacin da duk wanda bai kai 18 ba zai koma ɗaki. Wannan dokar jirgi ce, ta gidanku tana iya zama ƙarfe 10. Za ku ji, “Haba Baba, kowa fa yana can har yanzu.” Amsar ita ce an riga an yi magana. Ku tsayar da lokuta biyu da kowa zai bayyana, kamar bayan Azahar da cin abincin dare. Ku ƙarfafa musu zuwa taron matasa na daren farko, domin a nan ake ƙulla abota, sannan ku nemi ganin abokan da iyayensu. Ku kuma ba kowane matashi rana guda da shi zai zaɓi inda iyali za su. Wanda aka yi shawara da shi ba ya cika ɓata rai.

12. Waya da katin jirgi suna cin kuɗi a ɓoye

Da jirgi ya yi nisa da gaɓa, waya takan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, wanda kuɗinsa ke da tsada matuƙa. Kafin a tashi a sa wayar kowa a yanayin jirgin sama, a kunna Wi-Fi kawai. Manhajar kamfanin a sauke ta tun a gida. Tana nuna jadawalin yini da taswira, a jirage da yawa kuma ana aika saƙo da ita tsakanin 'yan gida.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Katin da ke buɗe ɗaki shi ne na sayayya, kuma yana jone da asusun maigida. Yaro zai yi ta dangwala shi a ɗakin wasannin kwamfuta bai san kuɗi ke fita ba. Ku je teburin karɓar baƙi ku sa iyaka a katin kowane yaro ko ku rufe shi, ku riƙa duba lissafi kowane dare. Ku tabbatar katin bankinku yana aiki a waje, ko ku ajiye dala ko yuro a asusun jirgin.

13. Lafiya da ibada

Jiri da tashin zuciya sun fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 12. A fitar da yaro iska ya kalli inda sama ta haɗu da ruwa, a ba shi abinci marar maiƙo kaɗan-kaɗan, a hana shi kallon waya. Citta tana taimaka wa wasu. Maganin jiri kuwa a tambayi likita tun a gida, domin ba kowanne ya dace da yaro ba. Cutar amai da gudawa ta norobairos tana yaɗuwa da sauri a inda jama'a ke cunkushe, kuma man goge hannu ba ya kashe ta sosai. Sabulu da ruwa na daƙiƙa 20 kafin cin abinci da bayan banɗaki shi ne maganin. Ganin likitan jirgi da kuɗi ne, don haka inshorarku ta ƙunshi jinya a teku da ɗaukar marar lafiya zuwa asibiti.

Yawancin jirage ba su da masallaci, sai a yi salla a ɗaki. Alƙibla tana sauyawa da juyawar jirgi, ƙarfen jikinsa kuma yana rikita allurar gane gabas. Talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda aka dosa, da ita za a kintata. Ku tambayi malaminku hukuncin kasaru da haɗa salla kafin tafiya. Ku ɗauki ƙaramar buta da darduma marar nauyi. Masan jirgi da iska yake zuƙa, famfas ko tsumman goge jariri guda ɗaya yana toshe bututun ɗakuna da yawa.

14. Sauka gari da ranar komawa

A kowace tasha ana rubuta lokacin dawowa a bakin ƙofar fita, galibi rabin sa'a kafin tashi. Ku ɗauki hotonsa, ku kuma bi agogon jirgi, domin wani lokaci yakan saɓa da na gari, waya kuwa na gari take bi. In kun sayi yawon da kamfanin ya shirya, jirgi zai jira motarku in ta makara. In da kanku kuka fita, ku dawo da ratar sa'a guda aƙalla, ku riƙe lambar wakilin jirgin da ke cikin takardar jadawalin ranar. Wuri ɗaya da aka gani a natse ya fi uku da aka bi a guje da yaro a kafaɗa. A wasu wurare, kamar tsibirin Santorini na Girka, jirgi yana tsayawa nesa da gaɓa a kwashi mutane a ƙananan kwale-kwale, layin dawowa kuma yana cin lokaci.

A daren ƙarshe ana fitar da manyan akwatuna bakin ƙofa, ba za ku sake ganinsu ba sai a tasha. Ku ware kayan da kowa zai sa da safe, har takalma, da fasfo da magunguna. Ku duba takardar lissafi a daren, domin gyara kuskure yana da sauƙi kuna ciki, yana da wuya bayan kun sauka. Tikitin jirgin sama na komawa kuma ya zama daga tsakar rana zuwa sama: fita daga jirgi da binciken jami'an shige da fice da hanyar filin jirgi, ga yara ga kaya, suna iya cinye safiyar gaba ɗaya.